Yadda ake ɗaukar hoton gajimaren taurari daga tsakar gida a Damagaram

Duk wanda ya saba shan iska a tsakar gida lokacin sanyi ya san taurari ukun nan da ke jere reras, waɗanda ke ɓullowa daga gabas bayan Kaza da ƴaƴanta ta yi sama. Ta kudu da su kaɗan akwai wasu ƙanana, su ma a jere, da ba su kai su haske ba. Ƙura wa ta tsakiyarsu ido, za ka ga ta yi dishi-dishi. Ba tauraruwa ɗaya ba ce. Ƙaton gajimare ne na iskar gas da ƙura, masana na kiransa nebular Orion ko M42, kuma hasken da ke shigowa idonka ya baro can tun kimanin shekara 1,350 da suka wuce.

Irin wannan gajimare da kansa yake haske. Mafi yawansa iskar haidirojin ce, a cikinsa kuma akwai sababbin taurari masu tsananin zafi. Haskensu yana fizge ilektaron daga jikin ƙwayar haidirojin, in ilektaron ɗin ya koma mazauninsa sai ya saki wani jan haske mai tsawon zango nanomita 656, wanda ake kira H-alfa. Iskar oksijin da ke wurin tana ba da nata launi, tsakanin kore da shuɗi, a nanomita 501. Idon mutum ba ya kama ja a cikin duhu, shi ya sa ko da madubin hangen nesa ka duba toka-toka za ka gani. Kamara ce ke iya tara hasken a hankali har launin ya fito. Wani likita Ba'amurke, Henry Draper, shi ya fara ɗaukar hoton M42 ranar 30 ga Satumban 1880, ya bar kamararsa a buɗe minti 51. Tsohuwar kamarar da mai hoton biki ya ajiye a akwati yau ta fi tasa nesa ba kusa ba.

A garin nan, daren da ka zaɓa ya fi tsadar kayanka tasiri a kan hoton. Don haka daga nan za mu fara.

Zaɓen dare

Abu biyu za ka duba: wata da hazo. Na wata mai sauƙi ne ga wanda ke bin lissafin watan Musulunci. Daga 25 ga wata zuwa 5 ga sabo, dare naka ne kusan duka. Daga 20 zuwa 24 wata ba ya fitowa sai dare ya raba ko kusa da haka, kana da sa'o'in farko. Tsakanin 10 da 18 kuwa ka huta, farin wata yana wanke sama har nebula ta ɓace a cikinsa.

Hazo shi ne babbar matsalarmu, kuma jagororin da aka rubuta a Turai ba sa maganarsa. Ƙurar hunturu tana rage hasken da ke saukowa, sannan ta kama hasken fitilun gari ta watsa shi a sama. Daren da za ka ɗauka garau ne don babu gajimare, sai hoto ya fito ruwan ƙasa, taurari sun kumbura. Gwajin da na fi yarda da shi na la'asar ne: miƙa hannu ka rufe rana da babban yatsa. In saman da ke gefen yatsan shuɗi ne, haɗa kaya. In fari ne fat, ko kuma da yamma rana ta dusashe ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba, kada ka wahalar da kanka.

Mafi kyawun lokaci shi ne kaka, daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: ruwa ya wanke sama, hunturu bai kankama ba. A farkon Nuwamba Orion, wato rukunin taurarin da ukun nan da M42 ke cikinsa, kan fito wajen ƙarfe 9 na dare, zuwa 11 ya ɗaga yadda za a iya aiki. A tsakiyar Disamba yana kai ƙololuwarsa da tsakar dare, a ƙarshen Janairu kuma wajen 9 da rabi. Cikin hunturu ma ana samun darare masu kyau in iska ta kwanta kwana biyu, sai dai ka riƙa sa ido. Sanyin Disamba da Janairu alheri ne ga kamara, domin zafi yana ƙara wa hoto yashi-yashi, wato ɗige-ɗigen nan da ke ɓata wuri mai duhu. Wanda zafi ke jawowa yana ninkawa kusan duk ƙarin digiri 6, ka ga daren Afrilu ba ɗaya yake da daren Janairu ba.

Ko a dare mai kyau, ka jira ƙarfe 11 in da hali. Kafin nan hayaƙin murhu da na ƙona shara da ƙurar ƴan kabu-kabu ba su gama kwantawa ba, kuma masu shaguna ba su kashe fitilu ba. In aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a unguwa, kowa na tsaki, kai kuwa lokacinka ne ya zo.

Inda garin nan yake a doron ƙasa ya yi mana gata. Muna kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, don haka M42 tana hawa har digiri 70 da ɗoriya ta kudu, nebular Rosette da ke gabas da Orion kuma ta haura 80, kusan tsakar ka. Can sama hazo ya fi sirara, shi ya sa ake ɗaukar abu sa'ad da ya yi sama, ba sa'ad da yake fitowa ba. A daren Oktoba da wuri akwai nebular NGC 7000 kusa da tauraruwa Deneb ta arewa maso yamma. A Maris da Afrilu nebular Carina, wadda mutanen Faransa ba sa gani sam daga ƙasarsu, tana leƙo mu ta kudu, amma digiri 16 kawai take ɗagawa, sai daren da sama ta yi tas. Nebular M8 lokacinta damina ne, ana samunta in hadari ya wuce. Saukar da manhajar Stellarium, ta kwamfuta kyauta ce, akwai ta waya ma. Saka mata Zinder, za ta nuna maka inda kowace take a kowane lokaci. Amma ka fara da M42, ita ce mafi haske.

Kaya

Kada ka fara da sayen madubin hangen nesa. Waɗannan gajimarai ba ƙanana ba ne, dusashewa ce matsalarsu. Faɗin M42 ya ninka na cikakken wata, NGC 7000 kuwa ta kai wata huɗu a jere. Abin da kake buƙata kamara ce da ake cire wa lens, Canon ko Nikon ko Sony, ko da ta hannu ce, muddin tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta matse ba. Lens na milimita 135 zuwa 200 ya fi dacewa. Na 50 ma yana aiki, zai ba ka Orion gaba ɗayansa. Sai maɗora mai ƙafa uku mai ƙarfi, da ɗan rimot mai waya da ake saita wa adadin hotuna da tsawonsu ya yi ta ɗauka shi kaɗai, da batir biyu, da tocila da ka rufe bakinta da jar leda don kada ta kashe maka ido.

Duniya tana juyawa digiri 15 a sa'a, saboda haka in kamara ta daɗe a buɗe taurari sukan ja layi. Maganinsa na'urar bin taurari ce, irin Star Adventurer ta Sky-Watcher ko SkyGuider ta iOptron, wadda ke juya kamara daidai da tafiyar sama. In za ka kashe kuɗi a abu ɗaya, a nan za ka kashe. Mai son manyan na'urori ya duba takardarsu kafin ya aika kuɗi, domin wasunsu in aka kwantar da su zuwa digiri 14 ƙarfen nauyinsu yana bugun ƙafar maɗora.

Akwai kuma ƙananan na'urori irin Seestar S50 da ake sarrafawa da waya, su nemo nebula su tara hoton da kansu. Suna aiki, ba na kushe su, sai dai ba za su koya maka dalilin komai ba.

Kamarar da aka yi don hoton mutane tana da wani gilashi a gaban sensa, wato abin da ke kama haske a cikin kamara, gilashin yana tare mafi yawan jan H-alfa. Masu gyara kan cire shi, amma daga nan hoton rana zai riƙa yin ja, don haka kada ka taɓa kamarar da kake neman abinci da ita. M42 ba ta buƙatar wannan. Matatar haske mai ƙofa biyu, irin L-eNhance ko L-eXtreme na Optolong, tana barin hasken haidirojin da na oksijin su wuce, ta tare sauran, har da mafi yawan farin hasken fitilun sola da suka cika ƙofofin gidaje. Tana da amfani ƙwarai a Rosette, amma sai da na'urar bin taurari, don tana buƙatar minti 2 zuwa 3 a kowane hoto. Bar ta sai gaba.

Wurin kafawa

Ƙasa ta fi rufin ɗaki. Rufi yana motsi in ka taka, siminti da kwano kuma suna sakin zafin rana har dare ya yi nisa, iskar da ke tashi daga kansu tana sa taurari rawa. In dole sai ka hau sama, ka fara gaya wa maƙwabta, ka nuna wa maigidan da ke kusa da kai abin da kake yi. Mutum a kan soro da kamara mai dogon baki cikin dare, kusa da gidan da akwai iyali, kowa ya san abin da za a fara zato. Hoto ɗaya na Orion a waya yakan kashe maganar, wani lokaci har ka samu ɗan rakiya. Kada ka haska fitilar leza sama, garin nan akwai filin jirgi da barikoki. Fita daji cikin dare da irin waɗannan kaya kuma ba shawarar da zan ba kowa ba ce a wannan zamani. In kana da dangi a Mirriya ko wani ƙauye, tsakar gidansu ta ishe ka duhu.

Danna ƙafafun maɗora cikin ƙasa sosai, in yashi ne ka sa musu bulo ko faffaɗan dutse. Rataya gorar ruwa a tsakiya don iska. Ka tsaya inda katanga ta tare maka fitilar maƙwabci. Sa takalmi rufaffe saboda kunama.

Saita arewa

Wannan na mai na'urar bin taurari ne, kuma nan ne aikin ya fi ba mu wuya fiye da mutanen Turai. Dole gindin juyawar na'urar ya kalli tauraruwar arewa, Polaris. Tsayinta a sama daidai yake da nisan garinka daga tsakiyar duniya, wato mu digiri 14 kawai, kusan dunƙulen hannu ɗaya da rabi in ka miƙe hannu. Katangar gida tana ɓoye ta, hazo ma ya fi kauri a wannan tsayin. Ga lissafi mai sauƙi: duk mita ɗaya da katangar arewa ta ɗara na'urarka, ka ja baya mita 4. In ta ɗara ta da mita ɗaya da rabi, mita 6 ke nan. Auna da rana, ka yi alama a ƙasa.

Don gano arewa, fuskanci alƙibla. Arewa tana hagunka, amma ba daidai kafaɗa ba, ta ɗan gabata, kusan digiri 70 daga alƙibla. Kamfas na waya yana taimakawa, sai dai rodin gini da ƙofar ƙarfe suna ruɗa shi. A daren kaka ka nemi taurari biyar masu siffar harafin W ko M a sama ta arewa, Polaris tana ƙasa da su, ita kaɗai ce mai ɗan haske a wannan fili. Saita ma'aunin gindin na'urar a 14, leƙa ƙaramin madubin da ke cikinta, ka juya sukurorin har tauraruwar ta shigo. Ba a tsakiya ake ajiye ta ba, domin ta kauce wa ainihin arewa da kusan kashi biyu cikin uku na digiri. Manhajar na'urar za ta nuna maka gurbin da za ta zauna a kan da'irar a wannan sa'a. Bayan ka ɗora kamara ka nufi nebula, sake leƙawa, nauyi yakan gusar da saitin.

In Polaris ta ƙi ganuwa, saita 14 ɗin, ka nufi arewa da kamfas iya ƙoƙarinka, ka rage tsawon kowane hoto zuwa daƙiƙa 15 ko 20. In ka dace da saiti mai kyau wani dare, zana wurin ƙafafun uku da fenti.

Kamara da fokas

Sa kamara a M, wato inda kai ne ke saita komai, hoto a RAW. Kashe fokas mai sarrafa kansa, kashe mai hana rawar hannu, kashe rage yashin dogon hoto da kamara ke yi da kanta, don yana cinye rabin darenka. Buɗe lens, sannan ka rage shi mataki ɗaya: mai f/2 ka sa shi a f/2.8, mai f/2.8 a f/4. Taurarin gefe za su fi tsafta.

Fokas shi ke kashe hoton yawancin masu farawa, kuma ba ya gyaruwa a kwamfuta. Alamar nesa da ke jikin lens ba abin dogaro ba ce. Nufi tauraruwa mai haske, Rigel ko Sirius, kunna allon baya, ƙara girma sau 10. Murza zoben a hankali: tauraruwar za ta tashi daga ƙwallo mai rami ta tsuke ta zama ɗigo, sannan ta fara kumbura. Koma baya kaɗan. Alamar ka dace ita ce ƙananan taurarin da ba ka gani a da za su ɓullo a gefenta. Manne zoben da salatif. Duk bayan sa'a ɗaya ka sake dubawa, domin sanyin dare yana motsa gilashi.

Ɗauka

Mai na'urar bin taurari ya fara da ISO 800 (ISO shi ne ma'aunin yadda kamara ke ƙara ƙarfin haske) da daƙiƙa 30 a kowane hoto. Ɗauki ɗaya, ƙara girmansa. In taurari zagaye suke, gwada 60. Duba zanen tudun haske da kamara ke nunawa: tudun ya rabu da bangon hagu, ya zauna wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. In ya kai tsakiya, hasken gari ya yi yawa, rage lokaci.

Marar na'ura ma ba a bar shi a baya ba. Da lens na 135, daƙiƙa 1 zuwa 1 da rabi, ISO 3200, lens a buɗe. Da na 50, daƙiƙa 4. Ajiye nebula ta ɓangaren gabas na allo, za ta yi ta tafiya digiri ɗaya duk minti 4, in ta wuce tsakiya ka dawo da ita. Hoto 300 zuwa 600 kake nema.

Hoto ɗaya ba zai burge ka ba, ɗan tabo ne a cikin yashi. Aikin kamar tarar ruwan sama ne a bakin indararo, ba ɗigo ɗaya ke cika randa ba. In aka haɗa hotuna, hasken nebula yana taruwa don kullum a gurbi ɗaya yake, yashin kuwa yana kashe juna. In ka ninka adadin hotuna sau 4, tsaftar hoton ta ninka sau 2. Da na'ura ka nemi sa'a ɗaya a kan M42, sa'a 3 ko fiye a kan Rosette, kuma ana iya haɗa na darare daban-daban. Tsakiyar M42, inda taurari huɗun da ke haska ta suke, tana ƙonewa fari a dogon hoto, don haka ka ƙara guda 30 na daƙiƙa 3 don ita.

Kafin ka naɗe kaya akwai hotunan gyara iri uku. Na duhu: rufe lens da murfinsa, ka ɗauki 20 zuwa 30 da ISO da tsawon da ka yi aiki da su, nan take a waje, don zafin sensa ya zama ɗaya. Na sifili: murfi a rufe, mafi saurin da kamara ke iyawa, guda 40. Na fari: kada ka taɓa fokas ko buɗin lens, shimfiɗa farin ƙyalle mai tsafta ninki biyu a baki, ɗaure da roba, ɗora farin allon waya ko kwamfuta a kai, ko ka nufi sama bayan sallar asuba in gari ya fara wayewa. Sa kamara a Av, inda take zaɓar tsawon lokaci da kanta, ka ɗauki 25, tudun haske a tsakiya. Wasu kan tsallake na farin. A garin da ƙura ke shiga har cikin tukunya rufaffiya, shi ne mafi muhimmanci, shi ke goge inuwar ƙurar da ta kwanta a sensa da duhun kusurwoyi.

Kada ka canja lens a waje lokacin hunturu. Kada kuma ka goge gilashi da bakin riga, yashi ne, zai karce shi. Hure shi da robar hura iska tukuna, sannan ka ajiye kayan cikin akwati mai murfi.

A kwamfuta

Manhajar haɗa hotuna Siril kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, akwai ta da Faransanci. Buɗe jaka huɗu da sunayen da take nema: lights na hotunan sama, darks na duhu, flats na fari, biases na sifili. Kafin ka zuba, bi hotunan sama ɗaya bayan ɗaya ka jefar da wanda iska ta girgiza ko tocila ta haska. Nuna wa Siril babbar jakar, ka kunna umarnin OSC_Preprocessing. Za ta cire na gyaran, ta daidaita taurari a kan juna, ta haɗa. Tanadi wuri: hoto 300 na kamara mai megafiksel 24 na iya cin fiye da giga 100 kafin a gama, bayan nan sai ka goge na tsakiya. Ka tabbata batirin kwamfuta a cike yake.

Abin da zai fito kusan baƙi ne, kada gabanka ya faɗi. Yanke gefunan da suka lalace. Cire hasken bango, wato wanda gari da hazo suka shafa a gefe ɗaya: Siril za ta zuba ɗigo-ɗigo a kan hoton, ka goge waɗanda suka faɗa kan nebula, in ba haka ba za ta ɗauke ta a matsayin datti ta rage ta. Sai daidaita launi, wanda take yi ta hanyar gwada taurarinka da kundin taurari, wannan yana buƙatar intanet. Sannan ka ja hasken a hankali, kaɗan-kaɗan sau da yawa, har fikafikan nebular su buɗe. Cire koren da ya yi yawa, ƙara launi kaɗan.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko, mai da bango baƙi ƙirin, wanda ke yanke siraran gefunan da ka kwana kana tarawa. Bar shi toka mai duhu. Na biyu, cika ja har hoton ya koma kamar fenti. M42 a kamarar da ba a taɓa ba ruwan hoda ce mai sirkin shuɗi da toka, haka take. Tsakiyar da ta ƙone kuma ka haɗa gajerun hotunan nan daban, ka buɗe duka biyun a manhajar gyaran hoto GIMP, ka ɗora dogon a kan gajeren, ka goge tsakiyar dogon da buroshi mai laushi har taurari huɗun su bayyana.

Ajiye babban a TIFF, ka fitar da JPEG don rabawa. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura shi a matsayin hoto manhajar za ta matse shi, wurare masu duhu su yi dabbare-dabbare. Rubuta kwanan wata, lens, ISO, tsawon kowane hoto da adadinsu, da yadda hazo yake a ranar, a cikin sunan jakar. Hotunan RAW kuma kada ka goge su, in ka ƙara wasu a wata mai zuwa za ka haɗa su duka a sake tarawa.